Yadda Ake Gina Hasumiyar Kallon Tsuntsaye Wadda Ruwa Ba Zai Ci Ba, Tsuntsu Ba Zai Guda Ba

Hasumiyar kallon tsuntsaye ta farko da na sa hannu a kanta ba ta ga damina ta huɗu ba. A bakin wani ruwa ne a bayan garin Kumasi na ƙasar Gana, wasu malaman makaranta suka haɗa kuɗi don yaransu su riƙa hawa suna ƙirga tsuntsaye. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, na gama koyon kafinta a unguwar Aboabo ta Kumasi, na yi rufin gidaje da dama. Muka haƙa ramuka huɗu, muka tsayar da ginshiƙai, muka zuba kankare ya rungume su, muka shafe su da baƙin man mota. Ranar da aka kira ni wai hasumiya tana lilo, na durƙusa na soka sukudireba a gindin ginshiƙi ɗaya, daidai inda katako ya haɗu da kankare. Sai da ta shige har mariƙi, kamar na soka dafaffiyar doya. Sama lafiya ƙalau, gindi ya zama taɓo.

Da na koma na ba maigidana labari, ko ɗago kai bai yi ba daga katakon da yake gogewa. Ya ce, "Wane itace ka kafa?" Na ce, "Wawa ne, Baba." Ya ce, "To ai ku biyu ne."

Wanda bai san kasuwar katakon Gana ba, wawa sunan wani farin katako ne marar nauyi a harshen Twi, mai araha, mai daɗin aiki, amma ba ya jure jiƙa. Tun daga ranar na fara koyon wannan aiki da gaske, kuma abin da na tara shi zan zube a nan, bi da bi, don ƙungiyar matasa, ko makaranta, ko kafintan da aka ba kwangila ya rasa ta inda zai fara.

A zango in ka ce za ka tashi da asuba kallon tsuntsu, sai an tambaye ka ko lafiya. Amma Gana na da tsuntsaye sama da nau'i 700, kuma akwai baƙi da ke biyan kuɗin jirgi daga Turai don su gan su. Ƙasar na da wurare shida da ke ƙarƙashin yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Biyar suna bakin teku, wato Sakumo da ke tsakanin Accra da Tema, da bakin kogin Densu, da Muni-Pomadze, da Songor, da Keta, an shigar da su a 1992. Na shidan shi ne namu, Owabi, arewa maso yammacin Kumasi, wanda ya riga su shiga tun 1988, kuma shi kaɗai ne ba ya bakin teku. Dam ɗin da ke wurin an gina shi a 1928 don ba Kumasi ruwan sha, har yau ana sha. Riƙe wannan magana ta ruwan sha, za mu dawo kanta.

Takarda kafin diga

Gandun da aka keɓe ba filin gado ba ne. Kafin ka kai ko sanda ɗaya, je ka Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, su ke riƙe da irin su Owabi. Daga nan sai hukumar kare muhalli ta EPA, sai izinin gini daga asambulin yankin, wato ƙaramar hukuma. Idan ruwan na sha ne, kamfanin ruwa ma yana da ta cewa. Idan kuma filin al'umma ne, ka fara da sarkin ƙasa da dattawansa, ka je da wanda ya san yadda ake gaisuwa a fadar Asante, kada ka shiga da Hausarka tsagwaro kana nuna zane. Akwai kurmi da rafukan da mutanen gari ke girmamawa, da ranakun da ba a shiga wasu wurare. Ko ba ka yarda da dalilin ba, baƙo ne kai a wurin. Ƙungiyar Ghana Wildlife Society da ke Accra ta daɗe tana aikin tsuntsaye, ka nemi shawararta tun da wuri.

Ka zauna ka yi kallo kafin ka yi awo

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne wanda ba a gyara shi daga baya. Katako ruɓaɓɓe ana canzawa. Hasumiyar da aka kafa a mugun wuri sai rushewa.

Ka ziyarci wurin aƙalla sau huɗu cikin shekara: tsakiyar damina wajen Yuni, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa a Agusta, ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba, da kuma hunturu wajen Janairu. Kowace tafiya ka isa kafin fitowar rana, ka samu gindin bishiya ka zauna shiru awa biyu da littafi. Ka rubuta inda kirinjijiya ke sauka, inda zalɓe ke tsayawa kamun kifi, bishiyar da balbelu ke kwana, da inda ɗan tsuntsun nan mai dogayen yatsu ke takawa a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Ka nemi masunci ko manomin da ya tsufa a wurin, ka ce, "Baba, shekarar da ruwa ya fi cika, ina ya tsaya?" Inda ya nuna maka da sandarsa, kafa turke ka shafa masa fenti. Daɓenka na ƙasa zai zauna aƙalla rabin mita sama da wannan alama.

Sai gwajin nisa. Ka taka a hankali zuwa wajen tsuntsaye, ka lura da takun da suka ɗaga kai suka daina kiwo, ba takun da suka tashi ba. Ɗaga kan nan shi ne iyaka. Hasumiya za ta zauna bayan wannan iyaka, kuma ka auna da tsuntsun da ya fi tsoro, ba balbela ba wadda ke bin shanu har cikin gari. Wurin da ake sheƙa kuwa ka nisance shi ƙwarai. Dalili ba hayaniyar mutane kaɗai ba ce: duk abin da ka tsayar mai tsawo a fili ya zama wurin zaman hankaka da shirwa, ka gina musu bene ke nan suna leƙen ƙwan wasu.

Maganar rana. Mu nan muna kusa da tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, kuma kallon tsuntsu aikin safe ne. Ka kafa hasumiya a gabashin ruwa, mai kallo ya fuskanci yamma, rana na bayansa tana haska masa launin tsuntsu. Ka juya abin, sai ka tarar kowane tsuntsu baƙi ne, ruwa kuma na walƙiya a ido. Idan gabas ba ta samu ba, ka fuskanci arewa ko kudu. Kuma ka nemi inda akwai bishiyoyi a bayanka, hasumiya ta jingina da duhunsu, kada ta tsaya tsirara a sararin sama. Bishiya ko ɗaya kada a sare don a buɗe kallo. Reshe biyu ko uku sun isa, da sanin ma'aikacin gandu.

Tsawo da faɗi

Masu ba da kuɗi suna son abu dogo da za a ɗauka hoto. Ka ja musu birki. A bakin tafki ko fadama, daɓe mai tsawon mita uku zuwa biyar ya isa ka hango bayan ciyawa. Duk mitar da ka ƙara, iska na ƙara ƙarfi, katako na ƙara kauri, lilo na ƙaruwa, kuma mai madubin hangen nesa babu abin da ya tsana kamar daɓe mai rawa. Kurmi daban ne, don cilakowa da 'yan'uwanta suna can ƙololuwa; shi ya sa gadar sama ta gandun dajin Kakum, wadda aka buɗe a 1995, take rataye tsakanin manyan bishiyoyi. Wannan aikin ƙwararru ne, ba shi nake koyarwa ba.

Daɓe mita uku da uku ya ɗauki mutum takwas zuwa goma a sake. Amma lissafin nauyi ba a kan goma ake yi ba, a kan ranar da aji guda zai ruga sama kafin malami ya iso. Injiniyoyi kan ɗauki kilo 400 zuwa 500 a kowace murabba'in mita don wurin taron jama'a, ka ga daɓenmu sai ya iya ɗaukar tan huɗu. Ni kafinta ne, na san katako, amma kaurin ginshiƙi da girman tushe injiniya ne zai lissafa ya sa hannu, bisa ka'idar gini ta Gana da aka fitar a 2018. Ga su nan birjik a Kumasi, 'yan jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST. Kuɗinsa bai kai kuɗin ƙafar yaro ɗaya ba. 'Yan'uwa na Accra ku ƙara gaya masa ya tuna da girgizar ƙasa, garinku ya sha ta a 1939.

Katako

Ka je kasuwar katako ta Sokoban a Kumasi da sassafe, da mutumin da ya san itace da ido da hanci, don ana sayar da wani da sunan wani. Na ginshiƙi da duk abin da ruwa zai taɓa, ka nemi kusia, mai launin ɗorawa-ɗorawa, ko denya. Kaku ya fi su duka taurin kai, shi ake sa wa a gada da layin dogo, nauyinsa har nutsewa yake a ruwa, amma yana ƙaranci a daji, ni ban ga dalilin a sare shi don a kalli tsuntsu ba. Odum ma haka, gwamnati ta taƙaita saransa. Dahoma ya yi a wurin da ke ƙarƙashin rufi, sai dai ƙurarsa na sa atishawa da hawaye, ka ɗaure hanci. Tik na gona, wanda aka shuka don a sare, shi ne zaɓin da hankalina ya fi kwanciya da shi, da sharaɗi ɗaya: ƙaramin tik farin gefensa na da faɗi, kuma farin nan ruɓewa yake kamar kowane itace. Jan ciki ka saya. Wawa kuwa a bar shi a akwatin zuba kankare.

Ka nemi takardar da ke nuna daga injin yanka mai lasisi katakon ya fito. Katakon da ake tsagawa da zarton inji a cikin daji doka ta hana shi tun 1998, ko da yake kowa ya san ya cika kasuwa kuma ya fi araha. Abin kunya ne a sace daji a gina wurin kallon mazauna dajin. Tsohon katako daga gidan da aka rushe, in ka samu mai lafiya, ya fi sabo: ya riga ya bushe, ya gama murɗewar da zai yi.

Sabo kuwa ka jera shi a inuwa, sama da ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, wata biyu ko uku. Ɗanyen katako in ka ɗaure shi da noti yau, bayan hunturu ɗaya sai ka tarar notin na juyawa da yatsa.

Yanzu maganar ruwan sha. Baƙin man mota, da kwalta, da koren maganin nan mai guba da ake dafa turakun lantarki da shi, duk suna tsiyaya cikin ƙasa su gangara ruwa. A wuri irin Owabi, abin da ka shafa wa ginshiƙi zai iya komawa famfon wani. Ni na yi wannan kuskure, kuma ko amfanin bai yi ba, don baƙin mai a fata yake tsayawa, ruɓa kuma daga ciki take ci. Itace mai ƙarfin kansa da ginin da ke barin sa ya bushe, su ne magani.

Gora

Bango, da shingen hanya, da ƙananan sandunan rufi, a nan gora ke shigowa, don cikin shekara uku zuwa biyar ta nuna, itace kuwa sai shekaru da yawa. Tana nan jingim a kudancin Gana, kuma a Fumesua kusa da Kumasi akwai cibiyar binciken gandun daji ta FORIG inda ake samun masu saninta. Amma gora ɗanya abincin ƙwari ce. Duk wanda ya taɓa ganin farin gari na zuba daga rumfa ya san aikinsu. Ga yadda nake yi. A sare wadda ta nuna, mai duhun launi da ɗan tabo-tabo, ba mai sheƙi ba, kuma da rani. A ɗauki dogon rodi a huda gaɓoɓin ciki tun daga kai har gindi. A samu dogon kwami, ko rami da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, nesa da rafi. A cikin lita 100 na ruwa a narka kilo uku na boraks da kilo biyu na hodar borik. A nutsar da gorar tun tana ɗanya, a danne da duwatsu, kwana bakwai zuwa goma sha huɗu. A fitar, a jingina ta tsaye ta tsane cikin kwamin, sannan a shanya a inuwa kamar wata guda. Ruwan da ya rage a adana don zubi na gaba, kada a kwarar a ƙasa.

Sai ka san raunin maganin: ruwan sama na wanke shi. Saboda haka gora ba ta taɓa ƙasa, ba ta zama inda ruwa ke dukanta kullum. Kuma ba a buga mata ƙusa, tsagewa take. A huda a ɗaure, ko a sa noti kusa da gaɓa.

Tushe, inda tawa ta mutu

Itace ba ya ruɓewa in yana bushe, ba ya kuma ruɓewa in yana nutse cikin ruwa kullum. Yana ruɓewa ne a tsakani, inda yake jiƙa yana shan iska. Kankaren da na rungume ginshiƙaina da shi ya zama kofi: katako ya bushe ya ɗan tsuke, ruwa ya bi ta tsagar ya kwanta, ba mafita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gara ta biyo baya.

Gyaran shi ne kada katako ya taɓa ƙasa ko kankare. Ka haƙa ramuka huɗu da hannu har ka taras da ƙasa mai tauri, gwargwadon zurfin da injiniya ya rubuta. Ƙasar sama mai baƙi ka tara ta gefe guda, za ka mayar. Ka zuba ƙananan dakali huɗu masu rodi, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, su taso kamar santimita 40 sama da ƙasa, kansu da ɗan gangare don ruwa ya zame. Dakali huɗu kawai, ba a shafe ƙarƙashin hasumiya da siminti. Ruwa da kwaɗi da ciyawa su ci gaba da wucewa. Cibiyar binciken gini ta BRRI, ita ma a Fumesua, ta daɗe da fito da garin fozolana na ƙonannen yumɓu da ke maye wani kaso na siminti, ka tambayi injiniyanka ko zai shiga. A kwaɓa a kan faranti ko leda, kada a wanke shebur a tafki, don ruwan siminti na kashe kifi.

Cikin kowane dakali, tun yana ɗanye, ka dasa takalmin ƙarfe mai kunne biyu, wanda zai ɗaga gindin ginshiƙi yatsa uku sama da kankare. Masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, za su yi maka shi cikin yini, amma ka sa a tsoma shi a ruwan zinki, abin da suke kira galbanaiz. Fenti kawai ba ya kai ko'ina. Na bakin teku, Sakumo ko Densu, iskar gishiri na cin har galbanaiz, sai ƙarfen sitenles lamba 316. Ka daidaita kawunan huɗun da siririn tiyo mai ruwa, ka auna kusurwa zuwa kusurwa su zo daidai. Ka shayar da kankare kwana bakwai, ka bar shi ya kai 28 kafin ka ɗora masa nauyi. Idan wurin laka ce zalla, maganar ta koma ta turakun da ake bugawa ƙasa, wannan kuma sai an gwada ƙasar tukuna.

Tsayar da gangar jiki

Duk yanka da huji a yi su a shago a gari, a haɗa a ƙasa a gani, a sa wa kowane katako lamba, a warware. A gandu ɗaurawa kawai za a yi, ba janareta, ba zarton inji. Mota ta tsaya inda hanya ta ƙare, sauran a kai a ka. Lokacin aiki kuma ka tambayi ma'aikatan gandu. Yawancin tsuntsayen gida da damina suke sheƙa, baƙin da ke zuwa daga Turai kuma suna nan daga wajen Satumba zuwa Maris ko Afrilu, don haka kowane wuri da nasa lokacin da ya fi sauƙi. Da noti za ka haɗa, ba ƙusa ba, kowane da faffaɗan wosha, don ranar da katako ɗaya ya lalace a kwance shi shi kaɗai. Itace mai tauri sai an huda kafin a sa komai.

Ginshiƙai huɗu a tsaye ba su hana lilo. Abin da ke hanawa shi ne gicciye, katako biyu da suka haɗu kamar almakashi a kowane ɓangare huɗu, daga ƙasa har daɓe. Yarana sukan ce, "Masta, biyu ba su isa ba?" Ba su isa ba. Guguwar farkon damina, ta Maris da Afrilu, ba ta tambaya ta ina ka yi tanadi. Katakon daɓe ka bar tsaga ta kaurin ƙusa babba tsakaninsu, ruwa ya zube. Duk inda kan katako ya kalli sama, yanke shi a karkace ko ka sa masa hular kwano, don ta kai itace ke shan ruwa kamar rake.

Matakala ba tsani ba. Tsawon mita huɗu ya ba ka taki 24 na kusan santimita 17, faɗin wurin taka 28, a raba biyu da wurin hutawa a tsakiya. Abin dafawa hagu da dama. Shingen sama mita ɗaya da santimita goma, tsakanin sanduna kada ya kai santimita goma, don kan yaro kada ya shige, kuma sandunan a tsaye, na kwance tsani ne ga yaro. Matakalar ta kasance a bayan hasumiya, a rufe ta ɓangaren ruwa. A ƙasa kuma ka yi ɗan ɗakin kallo mai gangare marar tsauri, tashin mita ɗaya cikin mita 12, don tsofaffi da mai keken guragu. Hajiyar da gwiwa ta hana hawa ita ma ta ga kirinjijiya.

Ɗakin kallo da rufi

Tsuntsu ba gini yake tsoro ba, motsi yake tsoro da siffar mutum. In akwai haske a bayanka, duk juyin kanka yana gani ta taga. Don haka bangon baya a rufe ruf, ƙofa a gefe da ɗan lungu, ciki ya yi duhu-duhu. Tagogin kallo siraran tsaga ne a kwance, tsayinsu kamar taƙi ɗaya, a hawa biyu: na zaune da yara wajen mita ɗaya daga daɓe, na tsaye wajen mita ɗaya da rabi. Kafin ka yanke, kawo dogo da gajere da yaro su tsaya ka zana da alli. Ƙarƙashin kowace taga ka sa ɗan katako na ɗora gwiwar hannu. Gilashi ko kusa, tsuntsu na ganin sama a cikinsa ya faɗa ya mutu. Fitila ma babu. Fenti mai ƙyalli babu. Katako da kansa zai koma toka-toka ya saje da daji. A ƙasan bango da samansa ka bar tsaga iska ta wuce, in ba haka ba zafin Kumasi zai kori mutane kafin ƙarfe tara.

Rufi kuwa na jinka nake so, wato na ciyawa. Tana da sanyi, ba ta ƙara in ana ruwa, ba ta walƙiya, kuma 'yan'uwanmu da suka zo daga arewa sun iya yanta da baibaya tun suna yara. Sharaɗinta tsayi: gangaren ya kai digiri 45, in ya kwanta ruwa zai zauna, ga shi ruwan Kumasi ya kusa ninka na Accra. Bakin rufi ya zarce bango da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, shi ne laimar gora. Aibinta wuta da kuma sabuntawa bayan 'yan shekaru, saboda haka a share ciyawa kewaye kafin hunturu. Wanda ya zaɓi kwano ya sa mai duhun launi, ya shimfiɗa zana a ƙarƙashi. Ko wanne ne, a ɗaure rufi da ginshiƙai da ƙarfe, don iska ɗaga rufi take, ba danna shi ba. Sannan mai aikin lantarki ya sa sandar kare tsawa da jan ƙarfe har cikin ƙasa.

Hanyar zuwa, mita hamsin na ƙarshe a kare ta da zana ko tsagaggen gora sama da kan mutum, a bar taƙi ɗaya a ƙasa don ƙananan dabbobi su ratsa. Bayan gida da kwandon shara a can bakin ƙofar gandu, nesa da ruwa. Ka ajiye kwando a gindin hasumiya, ka gayyaci hankaki da birai, ledar ruwa kuma ta ƙare a tafki.

Bayan an gama

Kada a yi bikin buɗewa da lasifika a gindinta, a yi a gari. A mayar da ƙasar saman da aka tara, a kwashe ko guntun waya, a rufe wurin mako biyu tsuntsaye su saba. Kuma tun ranar farko a san wanda zai riƙa dubawa da inda kuɗin gyara zai fito, ko daga ɗan abin da baƙi ke biya ne. Ni nakan ɗauki saurayi ɗaya daga ƙauyen da ke kusa cikin aikin tun daga tushe, in bar masa zane da sifana biyu.

Dubawa sau biyu ne a shekara, kafin damina da bayanta. A ƙara ɗaure kowane noti, musamman bayan hunturun farko. A duba dakali ko gara ta ja hanyarta ta laka a jiki, a kankare. A share ganyen da ya cushe tsagar daɓe, a goge gansakuka a matakala don santsi. A leƙa rufi saboda rina da zuma kafin yara su hau. Sheƙar tsattsewa kuwa a bar ta, ita ma mai gida ce. Sannan a durƙusa a soka sukudireba a gindin kowane ginshiƙi da duk mahaɗar da ruwa ke iya kwanciya. In ta tsaya a fata, a wuce na gaba. In ta shige ko da rabin gaɓar yatsa ce, a ɗaure igiya a bakin matakala, a duba lambar katakon a zane, a aika Sokoban.